Yadda za ka raba guminka da gatanka a lissafin kasuwa

Kwanakin baya wani yaro da ke ɗinkin buhu a ƙofar sitona a Tudun Hatsi ya tambaye ni, "Baba Alhaji, yaya aka yi ka kai haka?" Na ce masa sammako da haƙuri. Bai ce komai ba, ya ci gaba da ɗinkinsa. Sai da na koma gida Bolari na tuna yaron nan kullum yana riga ni shiga kasuwa, kuma ni nake barinsa a can. Abin ya hana ni barci. Washegari na zauna na yi wani lissafi, kuma ina so duk mai juya kuɗi a Gombe ya yi irinsa.

Ka nemi littafi daban, ban da na bashi. Ka raba shafi gida uku: gata, sa'a, gumi. Arziki na Allah ne, ba mai musu. Amma sanin ƙofar da ya shigo ba ya rage maka tawakkali, kuma yana hana ka tafka asara.

Fara da gata, don shi ne mutum ya fi mantawa. Rubuta duk abin da ka samu ba ka biya ba, ka sa masa kuɗi kamar baƙo ne zai biya. Ni shekara 3 na yi a siton kawuna ban ba da ko sisin haya ba. Buhu 40 na masara da na fara da su bashi aka ba ni, babu takarda, saboda dillalin ya san mahaifina. A gida nake ci, a gida nake kwana, ba mata ba 'ya'ya, ba ƙanen da ke jiran kuɗin makaranta daga hannuna. Da na haɗa haya da abinci na cire daga ribar shekaru biyun farko, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Suna ne ya fi wuyar sa wa kuɗi. Ka tambayi kanka: da daga Nafada ko Dukku na zo, ba wanda ya san gidanmu, wa zai ba ni buhu ko da 5? In amsar babu ce, rubuta shi da manyan baƙi.

Wannan ba abin kunya ba ne. Aliko Dangote jikan Sanusi Dantata ne ta wajen uwa, kuma da rancen cikin dangi ya fara a 1977. Ya yi aiki tuƙuru, ba shakka. Amma duk mai ba matasa labarinsa ya tsallake gidan da ya fito, ya cuce su.

Sai sa'a. Hanyar gane ta mai sauƙi ce: duba maƙwabtanka biyar a layinku. In a shekarar da ka ci riba su ma duk sun ci, kasuwa ce ta yi, ba wayonka ba. Lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa a 2019, duk mai shinkafar gida ya ga canji. A farkon 2023 da takardar naira ta yi wuya, wanda Allah ya sa yana da tsabar kuɗi a hannu ya sayi kaya da araha a kasuwannin ƙauye, don manomi ba ya karɓar tiransifa. Bayan cire tallafin mai a watan Mayu na shekarar, hatsi ya yi ta hawa har cikin 2024, wanda ya ajiye kaya ya ci riba yana kwance. Hausawa sun ce sa'a ta fi manyan kaya. To amma da yawa daga cikinmu mun ɗauka ƙwarewa ce, aka ci bashi aka cika sito da kaka, sai farashi ya sauko a 2025. Na ga magidanta sun sayar da fili don su biya. Ni ma na taɓu, kuma har yau ina jin zafin abin.

A nan ne za ka ƙara tambaya guda, wadda ta fi kowace nauyi a wurina: shekarar da ka faɗi, wa ya ɗaga ka? Ni yayana ne ya biya rabin bashin, ya ce in kawo a hankali. Maƙwabcina ya fi ni sanin wake nesa ba kusa ba, asararmu kusan ɗaya, amma ba shi da mai tallafa masa. Yanzu dillanci yake yi wa wasu. Koma gidan gata ka rubuta wannan.

Abin da ya rage shi ne guminka, kuma ka riƙe shi da daraja. Waken da ka shanya ya bushe sosai ka zuba a buhu mai leda biyu a ciki, ƙwaro bai taɓa shi ba. Zura hannu har ƙasan buhu kafin ka biya. Tafiya Kumo ko Bajoga da kanka ranar kasuwa maimakon aike. Biyan bashi ranar da ka ce. Waɗannan su ne za ka iya maimaitawa baɗi, don haka a kansu kaɗai za ka gina shirin faɗaɗa harka. Ribar sa'a kuwa, ka fitar da zakka, ka ware kaso ka ajiye, kada ka ƙara iyali ko ka ci sabon bashi a kanta.

In ka duba gidan gata ka tarar babu komai, kada ka kwaikwayi 'ya'yan manya. Ajiyar hatsi zuwa bazara sana'ar mai iya jira ce, kai kuwa yau za ka ci. Juya kayan da ke fita da sauri, ko da ribar tiya kaɗan ce. Ka karɓi ƙaramin bashi ka biya tun kafin ranar ta zo, haka suna yake ginuwa. Shiga adashi da mutanen da ka san gidajensu. In za ka zauna ƙarƙashin ubangida, ku yi magana a gaban shaidu kan shekarun da za ka yi da abin da za a sallame ka da shi, don na ga yara sun yi shekara 10 sun tashi hannu rabbana.

Yaron nan mai ɗinki na kira shi bayan Juma'a, na gaya masa labarin siton kawuna da buhu 40 ɗin. Na ba shi buhu 5 na wake, riba mu raba biyu, in asara ta zo ba da sakacinsa ba ni zan ɗauka. Mutum biyu suka shaida, muka rubuta. Ya sayar da uku, ya kawo kuɗin a ƙulle cikin leda, kuma har yanzu da allurarsa yake zuwa kasuwa.