Ƙanena, ga yadda za ka yi da keke in ka sauka Faransa

Da farko dai ka sani can babu kabu-kabu kamar a Damagaram da za ka ɗaga hannu ya kai ka Kasuwar Dole, to satin farko bayan ka samu ɗaki ka buɗe asusun banki, nemi keke na hannu a Leboncoin, shafin intanet ne da mutane ke sayar da kayansu na hannu.

Kafin ka biya hau shi ka zagaya, matsa birki duka biyu, duba sarƙa ko ta yi tsatsa. Ka yi ciniki, su ma suna ragewa.

Sai kwaɗo. Nan ne kar ka yi rowa, sayi mai kamar harafin U na ƙarfe, ka haɗa jikin keken da ƙarfen da ke kafe a ƙasa, ni taya kawai na kulle wata safiya na fito tayar kaɗai na tarar, wallahi ranar ko karatu ban gane ba.

Fitila fara gaba ja baya, dole ce da dare, ga shi lokacin sanyi ƙarfe 5 na yamma duhu ya fara.

Hannun dama ake bi kamar gida Nijar, ka tsaya a jar wuta ko babu mota. Safar hannu kuma ka saya tun Oktoba, sanyinsu ya fi hunturunmu cizo.