Yadda Iyaye Kirista Za Su Bi Da Katun Masu Sihiri Ba Tare Da Sun Firgita 'Ya'yansu Ba

Wata Asabar ina wanki a bakin famfo, sai na hango 'yata mai shekara shida tana bin ƙaninta da muciya, tana kaɗa masa ita a ka, tana furta wasu kalmomi da ban taɓa ji ba, wai za ta mayar da shi kwaɗo. Gabana ya faɗi. Na tsame hannu daga kumfa, na fizge muciyar, na daka mata tsawa, na shiga ɗaki na zare wayar talabijin daga bango. Da dare ta lallaɓo ta kwanta a jikina, ta ce a hankali, "Mama, ni mayya ce?" Ranar ban runtsa ba. Katun ɗin da ta kalla dariya ya ba ta, fuskata ce ta sa mata tsoro.

Mu da muke zaune a Legas, ko a Agege ne, ko Idi-Araba, ko Mile 12, ko barikin Ojo, yawancinmu ƙarfe biyar na asuba muke fita neman abinci, cunkoson hanya kuma ya riƙe mu har tara na dare. A tsakanin nan talabijin da waya ne ke raino. Duk lokacin da maganar nan ta taso a zumuntar mata a sashenmu na Hausa, wasu su ce a kwashe akwatin a sayar, wasu su ce ai wasan yara ne, a ƙyale su. Na gwada zafin kai na ga inda ya kai ni. Ga hanyar da nake bi yanzu, ita ce kuma nake gaya wa iyayen yaran da nake koyarwa a makarantar Lahadi.

Mataki na farko: ku zauna ku kalla da idonku

Gani ya kori ji. Kada ku yanke wa shiri hukunci saboda wani saƙo da aka turo a WhatsApp, ko don kun ga hoton mace da doguwar hula a kan tsintsiya. Ku ware safiyar Asabar, ku ce wa yaron ya kunna muku abin da ya fi so, ku kalli kashi biyu ko uku har ƙarshe. Kuna kallo kuna lura da abu uku: wane ne gwanin labarin, daga ina ƙarfinsa yake fitowa, kuma me ke samun wanda ya yi mugunta. Ku duba tarihin kallo a YouTube na wayar da kuke bar musu, domin yawanci abin da ke can ya fi na talabijin yawa.

Mataki na biyu: ku rarrabe, domin ba duka suka zama ɗaya ba

A nan aikin yake. Akwai labarin da dabbobi ke magana, mota ke tashi sama, yaro ke ɓacewa ya sake ɓullowa. Wannan tatsuniya ce aka yi mata zane. Mu ma da irinta muka tashi: Gizo da Ƙoƙi, Dodo mai haɗiye gari, ƙwarya mai waƙa. Kakanninmu da suka karɓi bishara sun ci gaba da yi mana "ga ta nan, ga ta nanku" a tsakar gida, kuma ba mu ji wanda ya zama boka ta dalilin Gizo ba.

Akwai kuma labarin da sihiri ke ciki a matsayin mugun abu, ana yaƙarsa, ana cin nasara a kansa. Littafi Mai Tsarki da kansa bai ɓoye irin wannan ba. Ya ba mu labarin masu sihirin Fir'auna, da na matar nan ta Endor wadda Sarki Saul ya je wurinta da dare a 1 Sama'ila 28, da na Saminu mai sihiri a Samariya. C. S. Lewis, marubucin Kirista na Birtaniya, ya fara fitar da labaransa na yara a 1950, kuma muguwar da ke cikin na farkon mayya ce. Kasancewar mayya a cikin labari kaɗai bai isa a ce labarin na Shaiɗan ne ba. Abin dubawa shi ne ko yaron zai tashi yana ƙyamarta ko yana sha'awar zama ita.

Na ukun shi ne wanda nake kashewa ba shawara. Shi ne shirin da ke ƙawata abin da mutane ke yi da gaske: kiran matattu, duba da kati ko da tafin hannu, alkawarin jini, zana da'ira a ƙasa a kunna kyandir a kira iska, ɗaura laya don a mallaki wani. Ku buɗe Maimaitawar Shari'a 18:10-12, za ku ga an jera irinsu ɗaya bayan ɗaya, an kuma ce abin ƙyama ne ga Ubangiji. Bulus ma ya sa sihiri cikin ayyukan jiki a Galatiyawa 5:20. Idan gwanin labarin da waɗannan yake cin nasara, har ana nuna yadda ake yi daki-daki, to ya wuce tatsuniya, ya zama darasi.

Tsakanin na biyu da na uku akwai waɗanda masu bi na kirki suka rabu a kansu. Tun da littafin farko na Harry Potter, labarin yaro mai koyon sihiri, ya fito a 1997 ake wannan gardama a ikilisiyoyi, har yau ba a gama ba. A gidana ba a kallon fim ɗinsa sai yaro ya yi wayo. Wata 'yar'uwa a zumuntarmu tana kallo tare da nata, kuma ba ni da bakin cewa ta fi ni sakaci. Romawa 14 ta koya mana kowa ya tabbata a zuciyarsa, kada ya hukunta ɗan'uwansa.

Bari in faɗi abin da ba mu cika son ji ba. Mayyar Turawa da ke yawo cikin ƙanƙara a kan tsintsiya baƙuwa ce ga yaranmu. Abin da ke hana su barci shi ne fim ɗin da mu manya muke kunnawa bayan cin tuwo: boka da jan ƙyalle, tukunya mai hayaƙi, mutum ya kai uwarsa ko ɗansa don ya yi kuɗi. Na Kudu suna da shi, na Hausa ma suna da nasu bokayen. Gidajen da ke ciki irin namu ne, mutanen irin kawunansu ne, don haka yaro ya ɗauka gaskiya ce. Abin ya kai har hukumar tace finafinai ta ƙasa ta fito da ƙa'ida a 2024 da ke hana ƙawata tsafin kuɗi a finafinai da bidiyon waƙoƙi. Hukumar tana sa wa fim alamar shekarun da suka dace a kalle shi, daga G da PG zuwa 12, 15 da 18. In kun ga 15 ko 18, ku bari sai yara sun yi barci, in ɗaki ɗaya ne kuma ku haƙura.

Mataki na uku: ku yi hira, kada ku yi wa'azi

Bayan kallo, ku tambayi yaron kamar kuna neman ya ƙarar da ku. "Wannan ƙarfin nasa wa ya ba shi?" "Kai a ganinka mutum zai iya haka?" Za ku sha mamakin yadda ɗan shekara bakwai ya san bambancin zane da rayuwa. Ƙananan kuwa, na shekara uku zuwa biyar, su ne ke cakuɗa su. Su sai a nuna musu. Na ɗauki tsohon littafin rubutu na zana ɗan mutum a kusurwar kowane shafi, hannunsa yana ɗagawa kaɗan kaɗan, na sake shafukan da yatsa da sauri, sai ga shi yana motsi. Na ce wa autana, "Ka gani? Haka ake yin katun, mutum ne ya zana." Tun ranar ya daina leƙa bayan talabijin yana neman dodo.

Daga nan sai ku kawo labarin Littafi. A Fitowa 7 masu sihirin Masar sun jefa sandunansu sun zama macizai, sandan Haruna ya haɗiye nasu duka. A Ayyukan Manzanni 8 Saminu ya kawo kuɗi zai sayi ikon Ruhu Mai Tsarki, Bitrus ya tsawata masa. A sura ta 19 mutanen Afisa da suka tuba sun tara littattafansu na sihiri suka ƙone a gaban jama'a, aka lissafa kuɗinsu ya kai azurfa 50,000. Yara suna son waɗannan labaran ƙwarai, kuma duk inda aka bi da su, ikon Allah ne a sama. Ku koya musu 1 Yahaya 4:4 da 2 Timoti 1:7 su haddace. Yaron da ya san wanda ke cikinsa ya fi wanda ke duniya girma, ba ruhun tsoro aka ba shi ba, zai iya cewa "Mama, wannan shirin ba shi da kyau" da bakinsa.

Mataki na huɗu: ku sa makulli

A dikodar DStv da GOtv ku shiga wurin da aka rubuta Parental Control, ku zaɓi iyakar shekaru, ku kuma toshe tashar da ba ku so. Lambar sirrin da suke zuwa da ita 1234 ce, yara sun san ta, don haka ku canza. A waya ku saukar da YouTube Kids, ku zaɓi tsarin da sai tashar da kuka amince da ita kaɗai za ta fito, ku kashe wurin bincike. A Netflix ku buɗe wa yara nasu sashe, ku sa lamba a naku. Ku ƙara sa ido a watan Oktoba, lokacin da tashoshin yara na waje ke cika da fatalwa da mayu saboda bikin Halowin na ranar 31 ga wata.

Mataki na biyar: ku yi magana da masu riƙe rimot in ba kwa nan

Gidan haya a Legas ƙofa na kallon ƙofa. Kun kulle taku, yaro ya tsallaka ɗakin maƙwabta. Ku je da ladabi, ba da zargi ba. Ni na sami maƙwabciyata, Musulma ce, na ce, "Maman 'yan biyu, don Allah in nawa sun shigo ana kallon fim ɗin bokaye, ki koro mini su." Ta ce ita ma abin yana damunta, muka daidaita a kan tashoshi biyu. Haka za ku zauna da yayarsu, ko ƙanwarku da ke taya ku raino, ku gaya mata dalili, domin dokar da ba a san dalilinta ba tana ƙarewa ne da fitarku ƙofar gida.

Mataki na shida: kada kalmar maye ko mayya ta taɓa fita daga bakinku zuwa kan yaro

Wannan ya fi duk sauran nauyi a wurina. Mun fito daga inda in yaro ya yi zazzaɓi ya ambaci sunan wata tsohuwa, sai a ce ta kama kurwarsa, a jawo ta a ce sai ta tsallaka shi. Mun zo birni da wannan tsoron a ƙirji, muka tarar da masu kiran kansu annabawa a lungu-lungu, suna jiran uwar da hankalinta ya tashi. Yaro ya yi mafarki ya yi ihu, ko yana fitsarin kwance, ko yana magana cikin barci, ko ya kwaikwayi abin da ya gani a katun, sai a ce an ba shi maita a abinci, a kawo kuɗin addu'ar kuɓutarwa, a hana shi ci kwana uku, a yi ta dukansa wai ana fitar da iska.

Mun ga inda wannan hanya ta kai a Akwa Ibom, inda aka kori yara daga gidajen iyayensu, aka azabtar da wasu da sunan maita, har jihar ta yi doka a 2008 da ta haramta laƙaba wa yaro wannan suna. Najeriya tana da dokar kare haƙƙin yara tun 2003, Jihar Legas ta yi tata a 2007. Amma tun kafin doka, Yesu ya ce a bar yara ƙanana su zo wurinsa, a Matiyu 18:6 kuma ya faɗi abin da ya fi wa mai sa ɗayansu tuntuɓe, wato a rataya masa dutsen niƙa a wuya a jefa shi teku. Yaron da ke kaɗa muciya kwaikwayo yake yi, kamar yadda gobe zai ɗaura tawul ya ce shi fasto ne. In mafarki ya dame shi, ku rungume shi, ku yi addu'a tare a natse, ku dakatar da shirin da ya jawo. In yana faɗuwa yana kakkafewa, asibiti za ku kai shi, farfaɗiya tana da magani. In kuna bukatar shawara, ku je wurin faston ikilisiyarku da dattawan da suka san ku, kuma duk inda aka ce sai an taɓa lafiyar yaro, ku ɗauki abinku ku fita.

Ni washegarin ranar muciyar nan da safe na durƙusa daidai tsayin 'yata na ce, "Ke ba mayya ba ce, ke 'yar Yesu ce, tsawar da na yi miki kuskurena ne." Sai da na maimaita mata wannan kwanaki da yawa kafin ta saki jiki.

Mataki na bakwai: abin da kuka cire, ku sa wani a gurbinsa

Yaron da aka kashe wa talabijin aka bar shi da bango zai nemi wata taga. Akwai katun na labaran Littafi Mai Tsarki, irin su Superbook, ana samunsu a YouTube. Amma abin da ya fi karɓuwa a gidana bai ci ko kobo ba. In an ɗauke wuta, maimakon mu tayar da janareta, sai mu shimfiɗa tabarma a baranda, babansu ya fara "ga ta nan, ga ta nanku", su amsa "ta zo mu ji ta". Yaran da aka haifa a Legas, waɗanda Turancin Buroka da Yarabanci suka fi kama bakinsu, a nan suke tsintar Hausa. Mukan rufe da waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi da gajeriyar addu'a. Yanzu 'yan biyun maƙwabciyata ma suna fitowa da tasu tabarmar in sun ji an fara, su saurari tatsuniyar, uwarsu ta kira su in mun kai ga waƙa.