Yadda za ki gane labarin kisan ɗauki ɗai-ɗai mai kyau

Ƴar uwa kafin ki tura katin waya ki sayi littafin a WhatsApp, karanta shafukan kyauta tukuna ki duba makashin, yana da dalili da salon da yake maimaitawa ko kawai an ce mahaukaci ne an wuce? Nan ƙarfin yake wallahi, a ce a Jos aka gina labarin, gawa a tsohon kududdufin kuza wajen Rayfield, ga hazon Disamba, ɗan sanda na bin sawu kina binsa gabanki na faɗuwa. Inda irin waɗannan littattafan ke gazawa kuwa jini barkatai, mamatan ba dangi ba zaman makoki, abin na min ciwo. Sannan tambayi waɗanda suka gama, in aljani aka jefo ya warware ƙarshen to riƙe kuɗinki.