Yadda Ake Haɗa Kayan Sauti Masu Inganci da Hanyar Sadarwar Gida Domin Sauraron Waƙa

Mutumin da ya tara kuɗi ya sayi amfilifaya da lasifika na gari, sannan ya ci gaba da tura musu waƙa daga wayarsa ta Bluetooth, kaɗan yake ji daga cikin abin da kayansa ke iya fitarwa. Dalili kuwa shi ne Bluetooth na matse sauti kafin ta aika shi, har ma tsarin LDAC na kamfanin Sony, wanda ke cikin mafiya kyau, iyakarsa kilobit 990 a daƙiƙa, alhali faifan CD na ɗauke da 1,411. Mafita ita ce a ajiye waƙoƙin cikin cikakken ingancinsu a wuri guda a gida, a bar kayan sautin su riƙa ɗauko su da kansu ta hanyar sadarwar gidan, waya kuma ta koma matsayin rimot kawai. Wannan tsari ya daɗe a hannun masoya sauti. Kamfanin Linn na ƙasar Sikotland ya fitar da na'urarsa ta Klimax DS tun 2007, kuma a 2009 ya sanar da cewa zai daina ƙera na'urorin kunna CD gaba ɗaya.

Kafin a sayi komai, yana da kyau a san ayyukan da za a raba wa na'urori. Akwai ma'ajiya inda waƙoƙin ke zaune, akwai na'urar da ke jawo su daga ma'ajiyar, wadda ake kira sitirima, akwai DAC wadda ke mayar da lissafin kwamfuta ya koma sautin da amfilifaya ke iya ƙarawa ƙarfi, sai kuma manhajar da ke kan waya, inda mutum ke zaɓen abin da zai saurara. Sau da yawa akwati guda kan ɗauki aiki biyu ko uku, domin na'urori irin su Bluesound Node da WiiM Pro da Cambridge Audio CXN duk suna da DAC a cikinsu.

Ni a ganina aikin da ya fi kowane muhimmanci, kuma wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, shi ne na tanadin waƙoƙin kansu. Idan kana da fayafayan CD, ka kwashe su zuwa kwamfuta a tsarin FLAC, wanda ke rage girman fayil kusan da rabi ba tare da ya zubar da komai daga sautin ba. A kan Windows ana amfani da manhajar Exact Audio Copy ko dBpoweramp, a kan Mac kuma da XLD, kuma dukkansu suna duba aikinsu da rumbun AccurateRip, wato suna gwada abin da ka kwasa da abin da wasu mutane suka kwasa daga irin wannan faifan, domin a tabbatar ƙarzuwar da ke jikin faifanka ba ta ɓata komai ba. Faifai guda yakan ci megabait 300 zuwa 400, saboda haka faifan ajiya mai terabait 2 zai ɗauki kimanin fayafayai 5,000. Akwai kuskuren da nake roƙon mai karatu ya kauce masa, wato mayar da MP3 zuwa FLAC da fatan sauti zai gyaru. Abin da MP3 ta zubar ya tafi har abada, sai dai fayil ɗin ya kumbura a banza. Waƙoƙin Hausa da yawa a MP3 kaɗai ake samun su, musamman waɗanda aka kwaso daga tsofaffin kaset-kaset, kuma babu aibi a ajiye su yadda suke a saurare su a haka.

Bayan kwasa sai gyaran bayanan kowane fayil, wato sunan mawaƙi da na kundi da shekara da lambar waƙa da hoton bango, domin da waɗannan bayanai manhaja ke jera maka ɗakin waƙarka, ba da sunan da ka rubuta a kan fayil ba. Manhajar MusicBrainz Picard na cike su da kanta idan kundin yana cikin rumbunta, amma waƙoƙinmu na gida galibi sai ka zauna da Mp3tag ka rubuta da hannu. Ka tsaya a kan rubutu guda ga kowane suna. Idan ka rubuta sunan mawaƙi da "ɗ" a wani kundi, ka rubuta shi da "d" a wani, manhajar za ta ɗauke su mutum biyu ne, ta raba maka waƙoƙinsa gida biyu. Aiki ne mai cin lokaci, amma sau ɗaya ake yin sa.

Game da ma'ajiya kuwa, mafi sauƙi shi ne a maƙala faifan ajiya ta USB a jikin sitirimar idan tana karɓa, ko a bar tsohuwar kwamfuta a kunne ta riƙa raba waƙoƙin. Mafi tsari shi ne a sayi NAS, ƙaramin akwati mai ɗauke da faifan ajiya ɗaya ko fiye, wanda ake jonawa da rauta (na'urar da ke raba intanet da Wi-Fi a gida) ya zauna yana aiki dare da rana, kuma kamfanonin Synology da QNAP ne aka fi sani da shi. A cikinsa ake saka manhajar sabar, kamar MinimServer ko Asset UPnP, a nuna mata babban fayil ɗin da waƙoƙin ke ciki, ita kuma ta karanta bayanansu ta sanar da sauran na'urorin gidan cewa ga ta nan. Kada a ajiye NAS a ɗakin sauraro, domin fankarsa da juyin faifansa suna da ƙara, kuma a nema masa wuri mai iska wanda ƙura ba ta cika shiga ba, tunda zafin bazara da ƙurar hunturu duk maƙiyan faifan ajiya ne. Sanya faifai biyu masu kwafin juna a cikin NAS yana tsare mutum idan ɗaya ya mutu, amma ba ya tsare shi daga gogewa bisa kuskure ko ɓarawo ko wutar da ta ƙona akwatin dungurungum, don haka a riƙa kwafe komai a wani faifan daban wanda ake cirewa a ajiye a wani wuri.

Yanzu sai hanyar sadarwar kanta. Waƙa ba ta buƙatar gudu mai yawa, domin ko fayil mai bit 24 da kilohaz 192 (ma'aunan da ke nuna yawan bayanin sautin da fayil ke ɗauke da shi), wanda ke cikin mafiya nauyi da ake sayarwa, bai kai megabit 10 a daƙiƙa ba, yayin da layin gigabit ke ɗaukar 1,000. Abin da take buƙata shi ne layin da ba ya yankewa, shi ya sa nake ba da shawarar a ja wayar Ethernet daga rauta zuwa NAS, a ja wata zuwa sitirima. Wayar Cat5e ko Cat6 ta wadatar, kuma tana iya tafiyar mita 100 ba tare da matsala ba. Idan ramukan rautar sun ƙare, ƙaramar na'urar raba layi mai ramuka biyar ta isa. Ana sayar da wayoyin Ethernet masu tsadar gaske da sunan gyara sauti, amma ni da za a nemi shawarata sai in ce a kai kuɗin wajen lasifika ko labule da kafet da za su rage amsa-kuwwar ɗaki, inda kunne zai ji bambanci nan take. Idan babu halin jan waya, a yi amfani da Wi-Fi ta zangon 5GHz matuƙar rautar na kusa, domin ta fi ta 2.4GHz ƙarancin cunkoso, ko da yake katangar bulo da kankare ta fi saurin tare ta.

Matsalar da ta fi wahalar da masu farawa ita ce a gama haɗa komai, manhaja ta ƙi ganin sitirima ko NAS. Kusan kullum dalilin guda ne: na'urorin ba sa kan layi ɗaya. Wataƙila wayar tana kan layin baƙi na rautar, wanda aka tsara shi da gangan don kada ya ga sauran na'urori, ko an ƙara rauta ta biyu a gidan ta buɗe nata layin daban, ko kuma an kunna saitin da ke hana na'urorin Wi-Fi magana da juna. Na'urorin da ke amfani da UPnP, wato tsarin da ke haɗa na'urorin gida su yi magana da juna, suna gane junansu ne ta hanyar shelar da kowace ke yi wa duk wanda ke kan layin, kuma wannan shela ba ta tsallakawa daga layi zuwa wani. A mayar da rauta ta biyu ta zama mai faɗaɗa Wi-Fi kawai, a kashe VPN na waya, sannan a shiga saitin babbar rautar a keɓe wa NAS da sitirima adireshin IP da ba zai canza ba bayan kowace ɗaukewar wuta.

Wajen jona sitirima da amfilifaya, idan za a yi amfani da DAC ɗin cikinta, wayar sauti ta RCA ko XLR ce za ta tafi kai tsaye zuwa amfilifaya. Idan kana da DAC na daban da ya fi nata kyau, sai a fitar da sautin ta USB ko coaxial ko wayar haske ta Toslink. Wayar haske tana da wani amfani na musamman, domin babu lantarki da ke bi ta cikinta, sau da yawa ita ke kashe gunjin nan da ake ji a lasifika idan na'urori biyu suka saɓa a wajen jona ƙasa. Sai dai na'urori da dama ba sa wuce kilohaz 96 ta wannan hanya. Wanda ke da ƙaramin ƙarfi kuma yana son haɗa abu da hannunsa zai iya ɗaukar ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi ya saka mata manhajar Volumio ko moOde, ta zame masa sitirima mai kyau idan aka haɗa ta da DAC ta USB.

Tsarin da waya ke magana da sitirima ma yana shafar abin da ke isa kunne. UPnP da OpenHome suna barin sitirimar ta ɗauko fayil ɗin yadda yake, Chromecast na kaiwa bit 24 da kilohaz 96, manhajar Roon kuma, wadda ake biya, tana da nata tsarin da kyakkyawan jerin bayanai amma tana buƙatar kwamfuta mai ɗan ƙarfi. Masu sauraro ta intanet su nemi sitirima mai Spotify Connect ko Tidal Connect, inda na'urar ke jawo waƙar da kanta, kiran waya ba ya katse ta. Sai dai a yi lissafin data, domin awa guda ta sauraro a ingancin CD tana iya kusantar megabait 400, kuma ga wanda ke sayen data a kan MTN ko Airtel wannan kaɗai ya isa hujjar tara waƙoƙi a gida, inda ko intanet ta yanke sauraro ba ya tsayawa.

Batun wuta a ƙasashenmu ba a wasa da shi. NAS da aka yanke wa wuta yana tsakiyar rubutu yana iya lalata fayiloli, don haka a sa shi tare da rauta a kan UPS (na'ura mai batir da ke riƙe wuta idan an ɗauke), a kuma jona NAS da UPS ɗin ta USB yadda NAS zai rufe kansa a hankali idan batir ya kusa ƙarewa. Infata mai fitar da tsaftatacciyar igiyar wuta irin ta layi ita ta dace da amfilifaya, domin mai arha takan sa taransifomar cikin amfilifayar gunji da zafi. A duba bayan kowace na'urar da aka yo odarta daga Amurka, tunda can 120V suke amfani da shi, mu kuma 230V, kuma amfilifaya da yawa ba sa daidaita kansu. Lokacin sauya wuta zuwa janareta a kashe amfilifaya tukuna.

Ranar gwajin farko, a kunna rauta, a bi da NAS, a bi da sitirima da DAC, amfilifaya ta zo ƙarshe kuma murfin ƙararta yana ƙasa. Idan da amfilifayar za a riƙa ƙara sauti da ragewa, a saita fitar sitirimar a kan matakin da ba ya motsi, a kuma kashe duk wani gyaran sauti na manhaja. Sai a ɗauko kundin da waƙoƙinsa ke shiga cikin juna babu hutu, kamar wanda aka ɗauka a wajen biki ko dandali, a saurari mahaɗar waƙa da waƙa. Idan aka ji ɗan shiru ya ratsa tsakani, manhajar wayar ce ko sitirimar ba ta iya haɗa su ba, kuma sauya manhaja zuwa BubbleUPnP ko wadda kamfanin na'urar ya fitar yakan gyara shi. A ƙarshe a duba fuskar DAC ɗin, domin lambar kilohaz da take nunawa, 44.1 ko 96 ko 192, ya kamata ta yi daidai da ta fayil ɗin da ake kunnawa, idan kuwa ta tsaya a lamba ɗaya ko wane fayil aka saka, to akwai wata na'ura a hanya da ke sauya shi, sai a koma saitin sitirimar a kashe wannan sauyin.