Yadda za ka gina aikin jami'a a kan nazarin haɗarin siyasa ga jarin waje

Ɗalibin kimiyyar siyasa a Jami'ar Jos ko Jami'ar Abuja da ke son ya zama malami a wannan fanni, aikinsa na farko shi ne ya daina rubuta "haɗarin siyasa" a dunƙule. Hukumar MIGA ta Bankin Duniya, wadda aka kafa a 1988 don yi wa masu zuba jari inshora, ta riga ta rarrabe shi: ƙwace kadara, hana canza kuɗi ko fitar da riba, yaƙi da tarzoma, saɓa kwangila, da gazawar gwamnati wajen biyan abin da ta ɗauki alkawari. Ka ɗauki ɗaya ka riƙe shi tun daga digiri na biyu har digirin digirgir. Mai son ya haɗa duka a kundi ɗaya, taura biyu ce zai tauna.

Kowanne yana da misalinsa a gida. Ƙwace kadara: dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977, da karɓe kadarorin kamfanin mai na BP a 1979. Hana fitar da riba: kuɗin kamfanonin jiragen sama da suka maƙale saboda ƙarancin dala, har Emirates ya dakatar da zuwa Najeriya a 2022. Saɓa kwangila kuwa shi ne ya fi nama a jiki. Shari'ar kamfanin P&ID da Najeriya ta samo asali daga kwangilar gas ta 2010; masu sasanci suka yanke wa Najeriya biyan diyyar dala biliyan 6.6 a 2017, kuɗin ruwa ya kai shi kusan biliyan 11, sai wata kotun Landan ta soke hukuncin a Oktoban 2023 saboda an same shi ta hanyar zamba. Rikicin kamfanin Zhongshan da Jihar Ogun ya kai ga riƙe jiragen shugaban ƙasa bisa umarnin kotun Faransa a 2024. Ka lura da na Zhongshan ɗin nan sosai: gwamnatin jiha ce ta yi aikin, amma kadarar tarayya aka kama. Nan ne kimiyyar siyasa ke da abin faɗa wanda masanin tattalin arziki ba ya hangowa.

Sai karatu. Ka fara da ra'ayin Raymond Vernon na 1971: kafin mai jari ya saka kuɗinsa, shi ke da wuƙa da nama, da ya gama gina masana'anta ko ya haƙa rami, ba zai iya ɗauke su ya tafi ba, sai ƙarfi ya koma hannun gwamnati. Daga nan ka shiga muhawarar 2003, inda Nathan Jensen ya nuna dimokuraɗiyya tana jawo jari, Quan Li da Adam Resnick kuma suka ce kare haƙƙin mallaka ne ke jawo shi, sauran tasirinta na iya korar sa. Ka karanta dokar NIPC (hukumar bunƙasa zuba jari ta Najeriya) ta 1995 da kanka, musamman sassan da suka yi maganar ƙwace kadara da sasanta rikici, ka haɗa da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 da dokar ma'adinai ta 2007.

Wurin da ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne alƙaluma. Rahoton shigowar jari da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS, ke fitarwa duk wata uku ya kasu gida uku, kuma jarin gina masana'anta ko sayen kamfani shi ne yawanci mafi ƙanƙanta. Mafi yawa kuɗin takardun bashi ne da lamuni, masu shiga da safe su fita da yamma. Idan ka ɗauki jimillar ka kira ta jarin dindindin, ka ɓata binciken tun daga tushe. Haka ginshiƙin jihohi: Legas da Abuja ne ke lashe kusan komai, jihohi da yawa sifili, domin ana rubuta kuɗi inda ofishi da banki suke, ba lallai inda ake aikin ba. Ginshiƙin ƙasar da kuɗi ya fito shi ma yana yaudara, saboda kamfanoni kan biyo ta Moroshos ko Holan don sauƙin haraji. Sanarwar zuba jari da NIPC ke tattarawa kuma niyya ce, ba kuɗin da ya iso ba.

Makin haɗari na ICRG (jadawalin da ke auna haɗarin ƙasashe) da ma'aunin shugabanci na Bankin Duniya suna da amfani wajen kwatanta ƙasashe, sai dai ra'ayin masana ne aka mayar lamba, kuma maki ɗaya suke ba ƙasar baki ɗaya. Idan masu ba da maki sun ga jari yana gudu sannan suka rage makin, to lissafinka zai nuna maki ne ya kori jari alhali akasin haka ne. Ka kuma ware mai da ma'adinai daga masana'antu, domin mai haƙo yana bin inda arziki yake ko da ana harbi.

Saboda haka muna ganin mafi alherin abin da za ka yi shi ne ka gina rumbun bayananka a matakin jiha. Kowane layi aukuwa ɗaya: rana, jiha, fannin kasuwanci, ƙasar mai jari, abin da hukuma ta yi (soke takardar mallakar fili, sabon haraji, dakatar da haƙo, sauya kwangila bayan sabon gwamna ya hau), da majiya biyu da ba su kwafi juna ba. Rubuta ƙa'idar tantancewa kafin ka fara, ka ba wani ɗalibi kashi ɗaya cikin biyar na layukan ya tantance ba tare da ya ga naka ba; inda kuka saɓa, ƙa'idar ce ke da rami. Don rikici, bayanan ACLED, cibiyar da ke tattara aukuwar tashe-tashen hankula, suna zuwa da wuri da kwanan wata. Ka koyi R, manhajar nazarin alƙaluma, tun a shekarar farko, kyauta ce kuma tana aiki ba intanet.

Mazaunin Jos yana zaune a kan tarihin da ba a gama tonowa ba: kuzar Filato, kamfanin haƙar kuza na ATMN, da rugujewar farashin kuza a 1985. Takardun lardin Filato na zamanin Turawa suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, cibiyar nazarin manufofi da dabaru ta ƙasa (NIPSS) kuma tana nan Kuru. A ma'adinai lasisi na tarayya ne, fili na hannun gwamna, mutanen gari kuma suna da nasu haƙƙi. Wannan kaɗai ya isa kundin digirgir. Mazaunin Abuja yana kusa da NIPC, ofishin rajistar lasisin ma'adinai da jami'an kasuwanci na ofisoshin jakadanci. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa. Ka kai takarda da hannu, a buga maka hatimi a kwafi, ka kuma nemi takamaiman takarda da shekararta. A hira, ka yi alkawarin ɓoye suna ka cika shi, ka ajiye sunaye daban da rubutun hirar.

Matakan aiki sanannu ne, daga mataimakin lakcara zuwa babban lakcara har farfesa, kuma ba a kai babban lakcara ba digirin digirgir. Ka tsara kundinka yadda maƙala uku za su fita daga cikinsa, ka gwada kowacce a taron Ƙungiyar Masana Kimiyyar Siyasa ta Najeriya kafin ka aika mujalla. Mujallar da ta karɓi aiki cikin mako guda ta nemi kuɗi, ka guje ta; masu tantance farfesa daga waje sun san su. Tallafin TETFund (asusun tallafa wa manyan makarantu) na bincike da halartar taro ta hannun jami'arka yake bi, sai ka shirya takardu kafin a buɗe.

Da sunanka ya fara fita, kamfanoni da ofisoshin lauyoyi za su nemi ka rubuta masu rahoto. Kafin ka sa hannu ka duba sharaɗin sirri: idan ya hana ka buga abin da ka gano daga rumbunka, ka nemi a cire rumbun daga yarjejeniyar a rubuce, sannan ka bayyana wanda ya biya ka a duk maƙalar da ta taɓa wannan kamfani.