Yadda Za Ka Soma Addu'a da Kalmomin da Muka Gada

A majami'unmu akwai masu ganin addu'ar da aka haddace karatun aku ce, wai ta gaske ita ce wadda ta fito daga zuciya nan take. Ni ban yarda ba. Ranar da ciwo ko rasuwa ta ɗaure maka harshe, abin da ka haddace shi zai yi maka magana. Yesu kansa a kan gicciye da farkon Zabura 22 ya yi kuka.

Soma da tsayar da lokaci. Yahudawa sau uku suke addu'a a rana, safe, la'asar da dare, kamar yadda Daniyel ya riƙa durƙusawa sau uku yana fuskantar Urushalima. Kiristocin farko ma an koya musu faɗin Addu'ar Ubangiji sau uku a yini. Kai ka ɗauki biyu tukuna: da asuba kafin ka taɓa waya, da kuma kafin ka kwanta.

Da safe ka fara da Shema, wato Maimaitawar Shari'a 6:4-5, inda aka ce Ubangiji Allahnmu ɗaya ne, a ƙaunace shi da dukan zuciya. Bayahude mai ibada yana faɗinta safe da dare, yakan rufe ido da hannun dama don kada hankalinsa ya rabu. Gwada hakan, za ka ji bambanci. Da aka tambayi Yesu umarni mafi girma, a Markus 12:29, da ita ya amsa. Daga nan sai Addu'ar Ubangiji, Matiyu 6:9-13.

Nan ne aikin yake. Faɗa da murya, kunnenka ya ji, kuma kada ka yi gudu. Malaman Yahudawa na dā sun ce masu tsoron Allah na farko sukan yi shiru na awa guda kafin su buɗe baki. Kai minti biyu ma ya isa. In ka kai "ka ba mu yau abincin yini", tsaya ka tuna da buhun masarar da ya kusa ƙarewa, da maƙwabcin da nasa ya riga ya ƙare. In ka kai wajen gafara, kira sunan wanda kake riƙe da shi a zuciya, ko da ya yi maka ɗaci. Maimaitawar banza da Yesu ya hana a Matiyu 6:7 ita ce baki na motsi, zuciya na kasuwa. In hankalinka ya tafi, dawo kan jimlar da ka bari, ka sake ta.

Da dare, Zabura ɗaya. Sufayen Kirista mabiyan waliyyi Benedict a Italiya, tun ƙarni na 6, sukan gama duka 150 a mako. Littafin addu'ar Anglikan na 1549 ya raba su a kan wata guda. Kada ka yi gasa da su. Riƙe 4, 23, 51, 91 da 121 har su zauna maka.

Ka tsaya a kan fassara ɗaya, domin haɗa tsohuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ta Hausa ta 1932 da sabuwa yakan rikita hadda. In akwai yara a gida, ku faɗa tare, kai layi ɗaya, su layi ɗaya. Bayan an gama sai kowa ya ƙara roƙonsa da nasa kalmomin.