Kurakuran da ɗalibai suka fi yi a darasin furotin da yadda za a gyara su

Ɗaliban da ke shirin jarrabawar kammala sakandare ta Bakaloriya a Garwa da Marwa, a Kamaru, sukan haddace narkewar abinci da tsarin gado da aikin jijiyoyi kamar darussa uku da ba su san juna ba, alhali furotin ne ya ɗinke su wuri guda, kuma daga wannan rarrabewar yawancin kurakurai suke tasowa.

Na farko shi ne zaton cewa narkewar furotin tana farawa tun daga baki. Kilishi ko kifin Lagdo da mutum ya tauna, haƙori ne kawai ya yi masa aiki, domin amilas, enzayim (wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai a jiki) na cikin yawu, sitaci yake farfasawa. Sai a tumbi enzayim ɗin pepsin, wanda Theodor Schwann ya gano a 1836, yake kama aiki, kuma yana fitowa ne a matsayin pepsinojen marar kaifi har sai asid ya farkar da shi, in ba haka ba da ya cinye ƙwayoyin da suka samar da shi. Da yawa suna musanya pepsin da tiripsin, wanda fankiriyas ke zubawa cikin ƙaramin hanji, inda pH (ma'aunin asid, wanda ƙaramar lamba ke nuna yawansa) yake wajen 8, alhali pepsin yana bukatar wajen 2. Maganin wannan shi ne a rubuta abu uku kusa da sunan kowane enzayim: inda aka samar da shi, inda yake aiki, da pH ɗinsa. Ruwan maɗaciya kuwa ba ya cikin jerin, domin kitse kawai yake warwatsawa.

Ina ƙarfafa malamai su nuna wannan a aikace. A naɗe tsokar nama cikin ɗanyen ganyen gwanda da aka murza, za ta yi laushi saboda enzayim ɗin papayin da ke cikinsa. Idan aka fara tafasa ganyen, naman zai tsaya yadda yake. Kada ɗalibi ya rubuta cewa enzayim ya mutu, tunda ba shi da rai. Zafi ne ya lalata siffarsa.

A ɓangaren gado, ana yawan saka harafin T na ADN (sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado) a cikin ARN (kwafin da ake gina furotin da shi), alhali U ce take maye gurbinta. Mafi muni shi ne ɗaukar cewa kowane amino asid (tubalin ginin furotin) kodon ɗaya gare shi, wato jerin haruffa uku da ke wakiltarsa. Kodon 64 ne, 61 suna wakiltar amino asid 20, sauran 3 kuma suna tsayar da ginin furotin, shi ya sa sauyin harafi ɗaya wani lokaci ba ya haifar da komai. Amma a cutar sikila, GAG ya koma GTG a cikin ADN, sai amino asid ɗin balin ya zauna a gurbin gulutamik asid a matsayi na 6 na sarƙar beta ta hemogulobin, furotin mai ɗaukar iskar oksijin a jini, kuma wannan kaɗai ya isa ya lanƙwasa jajayen ƙwayoyin jini.

Game da jijiyoyi, kuskure ne a ce saƙon lantarki kullum yana tsallakawa kai tsaye daga ƙwaya zuwa ƙwaya. A yawancin mahaɗai sinadari ne, irin su asetilkolin, yake ƙetare tazarar ya manne wa wani furotin, sannan, idan asetilkolin ne, wani enzayim ya rushe shi nan take. Wasu magungunan feshin ƙwari da ake amfani da su a gonakin auduga wannan enzayim ɗin suke toshewa, shi ya sa wanda ya shaƙe su da yawa yakan yi dalalar yawu, tsokokinsa suna karkarwa, kuma dole a garzaya da shi asibiti.